Tikitin Yini Guda

Hannun Pentti na dama yana cikin safar ulu ruwan toka mai jan zare a bakinta, na hagu kuma yana cikin wata tsohuwar safar fata ta saran itace. Da su biyun ya ware taswirar Helsinki a tsakiyar hanya kamar mai shirin shanya ta. Iskar teku tana kaɗa takardar, mutane suna kauce masa ba tare da sun dube shi ba. Raili, matarsa, ta tsaya a gefe da jakar abinci a kafaɗa, kunya duk ta ishe ta. Tun watan Fabrairu ɗaya safar ulun ta ɓace, ranar da ya ce zai je Lahti duba wata tsohuwar tarakta, ya dawo ba tarakta ba safa. Sau uku tana ɗauko ulu za ta saƙa masa wata, yana cewa ta bari, hannun hagu ba ya jin sanyi.

"Tsoho, naɗe takardar nan," in ji ta. "Kowa ya gan mu ya san daga daji muka fito."

"To daga ina muka fito?"

Shekara talatin da huɗu ke nan da aurensu, kuma jiya ne karo na farko da suka kwana wani wuri ba tare da ɗayansu ya tashi tatsar shanu da asuba ba. An sayar da shanun a watan Mayu, bayan gwiwar Pentti ta ƙi. Raili ta ce tana son ganin babban birni tun ƙafarta na iya ɗaukarta, shi kuma ya yarda, da sharaɗin ba za a yi almubazzaranci ba. Suka sayi tikitin jirgin ƙasa na rangwame, irin wanda ba a canza masa lokaci, suka kama ɗaki a wani masauki da banɗakinsa ke can ƙarshen baranda. A jakar Raili akwai fulas na gahawa, da baƙin burodi, da dafaffen ƙwai takwas, da kyafaffen kifi a nannaɗe cikin jarida. Abin da ya fi faranta wa Pentti rai a duk tafiyar shi ne tikitin yini guda na taram, jirgin da ke bin dogo a titunan birni, wanda mutum zai hau ya sauka da shi yadda ya ga dama. Ya sa shi a aljihun ƙirji, lokaci lokaci yana taɓawa ya ji ko yana nan.

Ita Raili ba birni ta zo gani ba. 'Yarsu guda ɗaya, Kaisu, tana tuƙa taram a garin nan, kuma shekara uku ke nan ita da ubanta ba su ga juna ba.

Mu mutanen Kainuu, can arewacin ƙasar, ba mu iya faɗa da baki ba, shi ya sa namu yake daɗewa. Kaisu ta yi aikin gonar nan har ta kai shekara ashirin da tara, sannan wata rana a kan teburin cin abinci ta ce ita ba za ta gaji shanu ba, za ta tafi kudu. Pentti ya ci gaba da ɓare dankalinsa. Da hutun tsakiyar rani ya zo, ta yi tuƙin awa takwas ta dawo gida da kek a kujerar baya. A wajenmu ba a kulle ƙofa. In ba kowa a gida, sai a jingina tsintsiya a jikin ƙofar, duk wanda ya zo ya gani ya juya. Ranar Raili tana can bakin tafki tana hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi. Pentti ya hango motar daga taga, ya fita ya jingina tsintsiya, ya zaga ta baya ya koma ciki ya zauna, alhali hayaƙi na fita daga bututun girki. Kaisu ta tsaya a tsakar gida ta kalli tsintsiyar, ta kalli hayaƙin, ta ajiye kek ɗin a kan matakala, ta juya motarta.

Tun daga nan sai waya, kowace Lahadi da yamma, ita da uwarta kaɗai. Sukan yi hirar farashin haya da ciwon baya da wanda ya mutu a ƙauye. Sau ɗaya Raili ta gwada cewa za su zo su biyu, Kaisu ta katse ta da murya a kwance. Ta ce, "Mama, ran da kika kawo min shi, ranar zan daina ɗaukar wayarki." Raili ta san 'yarta, jinin ubanta ce, abin da ta faɗa shi za ta yi. Wayar Lahadin nan ita ce duk abin da ya rage mata, kuma ita ta ɗauko yau ta zo ta yi caca da ita. Da dabara ta tatsi labari a hirar makon jiya, cewa yau Laraba Kaisu tana kan taram mai lamba huɗu. Ba ta sami ƙarfin halin tambayar ƙarfe nawa ba. Jirginsu na komawa kuwa biyar saura kwata ne.

Da safe suka sauka kasuwar bakin ruwa. Pentti ya bi rumfuna yana karanta farashin 'ya'yan itacen daji, yana dariya a hanci, don irinsu ne suke ruɓewa a bayan gidansu ba mai tsinka. Ya tsaya ya kalli manyan jiragen ruwa, hannuwa a baya, ya ce wancan farin ya fi cocin garinsu tsawo sau biyu. Raili ba ta taɓa ganinsa a sake haka ba. Kafaɗunsa sun sauko, har yana fito a hankali. Ita kuwa idonta na kan dogon da ya ratsa titi, duk ƙarar ƙarfe da ta ji sai ta waiwaya.

Ta ce su hau mai lamba huɗu, an ce yana bi ta wurare masu kyau. Da na farko ya iso ta leƙa gilashin gaba, ta ga wani mai gemu, sai ta ce takalminta ya kwance. Na biyu wata dattijuwa ce mai furfura ke tuƙi, Raili ta ce ya cika da yawa, alhali rabin kujerun babu kowa. Na uku wani saurayi ne ɗan Somaliya, ya ma tsaya ya jira su yana murmushi, ta ɗaga masa hannu ya wuce. Pentti bai tambayi dalili ba. Ya ce tun da ba sauri suke ba, su taka zuwa farin cocin can mai matakala, shiga kyauta ne.

A kan matakalar suka ci abincin rana, suna kallon dandali. Ya shimfiɗa mata taswirar ta zauna a kai saboda sanyin dutse. Ya ɓare ƙwai, ya ajiye a gwiwarsa zai ɗauko gishiri, wani tsuntsun teku ya kawo sura ya tafi da shi. Raili ta zaci zai yi ta mita har yamma, sai ga shi yana dariya, yana cewa ko tsuntsayen birni ba sa noma, jira suke a ɓare musu. Ya lura ba ta taɓa burodinta ba.

"Uwargida, ci mana. Mun ɗauko shi tun daga gida."

"Cikina ne ba daɗi."

"Gahawar masaukin nan ce. Ruwan wanke kofi suka ba mu."

Daga nan ya ja ta zuwa sabon ɗakin karatu na gari, shi ma ba a biyan ko sisi. Bai dubi littafi ko ɗaya ba. Katakon bango ya tsaya yana shafawa, yana sa hanci, yana cewa wannan itacen ya yi shekara tamanin kafin a sare shi, kuma wanda ya fere shi ya san aikinsa. Suka hau bene suka leƙa gari ta gilashi. Daga can sama Raili ta hango taram biyu suna wucewa, ba ta iya karanta lambarsu ba, ta ji kamar ta kurma ihu. Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. Ta ce iskar wurin ta yi mata nauyi, su koma waje.

Suka koma tasha suka tsaya. Mai lamba huɗu ya zo, ba ita ba ce. Wani ya sake zuwa, ba ita ba ce. Uzurin Raili ya ƙare, sai kawai ta riƙa girgiza kai, shi kuma yana tsaye a bayanta yana karanta jadawali kamar za a yi masa jarrabawa a kai. Yayyafi ya fara. Ta soma tunanin ko Kaisu ta yi musanyen aiki da wani, ko ba ta da lafiya, ko kuwa ta gane dabarar tun ranar Lahadi ta faɗa mata ƙarya. Wani ɓangare na zuciyarta ma ya ji sanyi da hakan, don in ba a haɗu ba, wayar Lahadi tana nan.

"Tara ke nan," in ji Pentti.

"Tara me?"

"Taram tara kika bari suka wuce tun safe. Ina ƙirgawa." Ya share ruwa daga hancinsa da safar fata. "Ba ta fara ba tukuna. Masu aikin rana sai wajen uku suke karɓa, kuma ba a nan ba. Can sama ne, kusa da inda ake ajiye taram ɗin. A nan ko za ki kwana ba ki san wanda zai zo ba."

Raili ta juyo ta dube shi. Ya ƙi haɗa ido da ita, ya ci gaba da kallon jadawalin. Wani zafi ya taso mata daga ƙirji, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"Ba Lahti ka je ba."

"Jirgin ya bi ta Lahti."

"Pentti."

"Ban sauka ba dai."

Suka hau na gaba da ya zo, ko lambarsa ba su duba ba, tun da duk ta can suke bi. A hanya ya ba ta labarin a gutsure, kamar ana cire masa haƙori. Ya ce a Fabrairun ya yini a tsaye cikin ƙanƙara kafin wani mai share dogo ya nuna masa tashar da direbobi ke musanye. Ya ga Kaisu ta zo ta karɓi nata, ya hau ta ƙofar baya, ya ja hula ya rufe fuska. Sau biyu ya yi zagayen da ita. Amma duk sanda aka kusa ƙarshen layi sai ya sauka a tasha ta kusa da ƙarshe, ya tsallaka titi ya jira ta juyo. Raili ta tambaye shi dalili. Ya ce a tashar ƙarshe direba yakan kashe inji, ya fito daga ɗakinsa, ya bi tarago kujera kujera yana duba ko wani ya yi barci ko an manta kaya. Babu inda mutum zai ɓuya.

Wata takwas yana kwana a gefenta da wannan a cikinsa. Wata takwas tana shiga ɗakin ajiya da waya tana rage murya don kada ta ɓata masa rai, ashe shi ya riga ya ga yarinyar da idonsa, ya san yadda gashinta yake yanzu. Ta so ta zage shi, amma akwai mutane, kuma ba a yi mana tarbiyyar ɗaga murya a cikin mota ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ta rame?" Ya ce kaɗan.

Tashar musanyen ba ta da wani abin kallo, rumfar gilashi ce da benci, sai wani dogon gini na jan bulo a ƙetare. Suka zauna a ƙarshen bencin, bayan allon talla. Direbobi suna fitowa ɗaya ɗaya cikin shuɗiyar riga, da jaka a kafaɗa, wasu da kofin takarda a hannu. Kowane yakan tsaya a daidai inda kan taram zai tsaya, ya gaisa da mai sauka da ɗan ɗaga haɓa, ya shige. Uku ta yi. Uku da kwata ta yi. Raili ta faɗa masa abin da Kaisu ta ce game da waya, karo na farko da ta faɗa wa wani. Ya juyo ya dube ta.

"To me ya sa kika kawo ni?"

"Na gaji da zama tsakaninku. Na ɗauka in kun ga juna..." Ta kasa ƙarasawa. "Mu koma, tsoho. Mu je tashar jirgi mu zauna, akwai ɗumi a can. Ba ta san mun zo ba, ba abin da ya lalace."

Da gaske take. Ta riga ta miƙe, ta saɓa jaka. Sai ta ji ya kama gefen rigarta, ba da ƙarfi ba, yana kallon ƙetaren titi.

Kaisu ce ke tsallakowa. Ta yanke gashinta gajere, ta ɗan rame kamar yadda ya ce, kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, tafiyar ubanta sak. Ta wuce su da taku bai fi goma ba, idonta na kan agogon hannunta. Raili ta toshe baki da tafinta. Mai lamba huɗu ya iso, wani ƙato ya sauko yana miƙa, ya ce mata wani abu, ta yi dariya. Shekara uku Raili tana jin dariyar nan a waya, ta manta cewa yarinyar takan rufe ido ɗaya in tana yin ta.

Pentti ne ya fara takawa. Suka shiga ta ƙofar ƙarshe, a bayan wata mata mai keken jariri da wasu 'yammata 'yan makaranta, suka zauna a kujerar can ƙurya. Daga nan ba a ganin komai na direba sai ƙeyarta ta cikin gilashi. Raili ta ga hannunta ya ɗaga ya gyara madubi, ya taɓa ƙaramin allon da ke nuna mata ƙofofi, sannan ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya sauka. Ko ta gan su, ko ba ta gan su ba, Raili ba ta iya cewa. Ƙararrawa ta buga, suka tashi. Huɗu saura ashirin.

Tafiyar ba ta da gargada ko kaɗan. Pentti ya dafa kujerar gaba yana saurare da jikinsa, yadda yakan saurari injin tarakta. A wata kwana mai kaifi ya ɗan gyaɗa kai. Ya ce a hankali, ba tare da ya dubi matarsa ba, "Ba ta fizga." Tana da shekara tara ya koya mata tuƙi, da bokiti cike da ruwa a kan tirela, in ya zube ko kaɗan a koma farkon gona a sake. Yarinyar ta yi kuka a ranar farko, a rana ta huɗu ta kai bokitin bakin daji ta dawo da shi a cike. Raili ta tuna ko a ranar bai yabe ta ba, cewa ya yi gobe za a gwada da bokiti biyu.

Gidaje suka fara raguwa, itatuwa masu rawayen ganye suka ƙaru. 'Yammatan suka sauka da hayaniyarsu. Mai keken jariri ta sauka. Wani dattijo da karensa suka sauka a gaban wani kanti. Da suka haye gada aka hango ruwa, Raili ta waiwaya ta ga babu kowa a taragon sai su biyu. Muryar na'ura ta faɗi sunan tasha ta gaba, ta ji jikin Pentti ya sandare a gefenta, ta gane ita ce ta kusa da ƙarshe.

Hannunsa na hagu, mai safar fata, ya tashi a hankali zuwa jan madannin da ke jikin sanda. Raili ba ta riƙe shi ba. Shekara talatin da huɗu tana riƙe abubuwa a gidan nan kada su faɗi, yau ta ji hannunta ya gaji.

"In ka sauka, kai kaɗai za ka sauka," in ji ta.

Ya danna. Ƙarar ta cika taragon da babu kowa. Taram ya rage gudu ya tsaya, ƙofar da ke gabansu ta buɗe, iska mai sanyi da warin jiƙaƙƙen ganye ta shigo. Pentti ya miƙe rabi, hannu ɗaya a kan sanda, gwiwarsa mai ciwo tana rawa. Babu mai jira a tashar. A ƙa'ida daƙiƙa kaɗan ƙofa take yi ta rufe, amma wannan ta tsaya a buɗe. Can gaba ƙeyar direba ba ta motsa ba. Wata mota ta tsaya a baya, ta jira, ta gaji ta yi hon. Ƙofar dai tana buɗe. Raili ta ƙura wa bakin ƙofar ido, inda ruwan sama ke ɗiga a kan matakala.

Pentti ya koma ya zauna. Sai da ya zauna sosai, ya jingina baya, sannan ƙofar ta rufe.

Tashar ƙarshe wani ɗan zagaye ne a ƙarƙashin itatuwa, teku na can bayan gidaje. Injin ya mutu, shiru ya sauka. Ƙofar ɗakin direba ta buɗe. Kaisu ta fito, ta fara aikinta daga kujerar farko kamar kowace rana, tana leƙa dama da hagu. Ta ɗauki wata jarida ta naɗe. Ta sunkuya ta zaro kwalbar lemo daga ƙarƙashin kujera. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ɗaga kai ba sai da ta iso gabansu. Uwarta ta fara duba.

"Mama, na faɗa miki."

"Kin faɗa."

Raili ta zauna tana jiran hukunci, hannuwanta a kan jakar abinci. Kaisu ta mai da ido kan ubanta, ta daɗe tana kallonsa, shi kuma yana kallon takalminta na aiki.

"Wancan karon ka sauka," in ji ta. "Sau biyu."

"Na sauka."

"Ka ɗauka hula tana ɓoye mutum?"

Ta ajiye jaridar da kwalbar a kujerar gefe, ta zuge rigarta, ta sa hannu a aljihun ciki. Abin da ta fito da shi ta ɗora a kan gwiwarsa, safar ulu ce ruwan toka mai jan zare a bakinta. Ta ce a nan ƙuryar ta tsince ta a Fabrairu, kuma dokar aiki ita ce duk abin da aka tsinta a kai ofis kafin a tashi, in an kama mutum da shi akwai magana. Ta ce ta yi niyyar kaiwa washegari, sai ta manta, haka ta yi ta mantawa.

Pentti ya cire safar fatar, ya gwada sa ta ulun. Yatsunsa suka shiga, tafin ya ƙi. Raili ta karɓa ta juya ta a hannu, duk da halin da take ciki ba ta iya yin shiru ba.

"A inji kika wanke ta."

"Sau ɗaya ne."

"Ulu ne, Kaisu."

Pentti ya karɓe abarsa, ya tura hannun da ƙarfi har ta shiga, ta tsaya masa a rabin wuyan hannu. Ya zauna yana kallon hannuwansa biyu a kan gwiwa.

"Ina cikin gida ranar nan."

"Na sani, Baba. Hayaƙi yana fita."

"Na ci kek ɗin. Ni kaɗai, a rumbu. Kwana uku."

Kaisu ta juya fuska wajen taga, ta daɗe a haka. Sannan ta dubi agogo ta ce minti huɗu suka rage mata. Raili ta buɗe fulas. Kofi biyu suka zo da su, ta cika ɗaya ta miƙa wa 'yarta, Pentti ya tura nasa ga matarsa ya ce shi ya sha da yawa yau. Kaisu ta sha a tsaye, ta yamutsa fuska ta ce har yanzu Mama tana dafa gahawa kamar za a shafe rufin gida da ita. Ta ci rabin ƙwai. Ba wanda ya rungumi wani, mu ba haka muke ba, amma Raili ta ga yadda yarinyar ta tsaya kusa har gefen rigarta yana taɓa kafaɗar uban.

"Ni da ke akwai magana," in ji Kaisu, tana miƙa wa uwarta kofin.

"A waya?"

Kaisu ta dube ta. "Ranar Lahadi."

Ta tambayi lokacin jirginsu, Raili ta ce biyar saura kwata. Ta ce za su samu in ba su yi wasa ba, za ta bi ta kusa da tashar, su sauka a gaban wani gidan gilashi su taka, minti biyar ne ko da gwiwar Baba. Ta kwashi jaridar da kwalbar, ta juya za ta koma gaba.

"Yaushe kike tashi?" in ji Pentti.

"Tara da rabi."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji, da ƙyar saboda matsattsiyar safar, ya zaro tikitinsa. Ya nisanta shi da ido yana karantawa kamar yau ya fara ganinsa.

"Na yini guda ne," in ji shi. "An riga an biya. Ba a barin irin wannan ya tafi a banza."

Kaisu ta shige ɗakinta ta rufe. Injin ya tashi. Raili ta tuna tikitin jirgin ƙasa guda biyu da ke cikin jakarta, waɗanda ba a canza musu lokaci, ta tuna kuma sun riga sun mai da makullin masauki tun safe. Ta buɗe baki, ta dubi mijinta, ta rufe.

Taragon ya sake cika da masu tashi daga aiki. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar suka iso gaban gidan gilashin. Taram ya tsaya, mutane suka sauka, wasu suka hau, ƙofar baya ta ɗan jima a buɗe fiye da sauran. Pentti yana kallon waje ta taga, yana nuna wa Raili wani rufin kwano da ya ce ba a buga shi daidai ba. Ƙofar ta rufe, ƙararrawa ta buga, Raili ta zaro sauran burodin daga jaka ta fara ci.